Tambaya da Amsa: Ƙarfe mai kauri zai hana iska yaye min rufi?

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam. Ina gina sito na ƙarfe a Aboabo nan Kumasi dan ajiye masara, to bara da farkon damina iska ta yaye rufin maƙwabcina ta wurga shi bayan layi, ga kuma guguwar Amurka da nake gani a Facebook, wallahi gabana faɗuwa yake. Mai walda ya ce in ƙaro kuɗi a sa ƙarfe mai kauri shikenan. Haka ne?

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji. Kwantar da hankalinka tukuna, irin waccan guguwar ta teku, wadda gudunta ke farawa daga kilomita 119 a awa, ba ta zuwa Gana, mun yi kusa da layin ikwaita, wanda ya raba duniya biyu, da yawa. Tamu ita ce iskar hadari ta Maris zuwa Mayu, amma fa ita ma ba kanwar lasa ba ce, in gudun iska ya ninka biyu ƙarfin bugunta sau huɗu yake ninkawa.

Maganar mai waldanka rabin gaskiya ce. Iska ba tura gini kawai take ba, ɗaga rufi take sama kamar yadda take fizge lema a hannu, kuma daga baki da kusurwa take farawa, shi ya sa za ka ga ginshiƙai na tsaye ƙyam amma kwano ya yi nasa waje. To inda ake cin kasuwar shi ne mahaɗa: kwano ya kama ƙarfen da yake kwance a kai, shi kuma ya kama ginshiƙi, ginshiƙi a ɗaure shi da noti a cikin kankaren fandesho, ba a ɗan ɗiga walda nan da can a ce an gama ba. Kwanon a ɗaure shi da sukuru mai roba, ban da ƙusa, a baki-baki kuma a matse tazararsu. A gicciya ƙarafa tsakanin ginshiƙai dan kar ginin ya karkace, bakin rufin kuma kar ya zarce bango sosai.

Sai ƙofa, wadda kowa ke rainawa. Babbar ƙofar sito in ta ɓalle iska ta shiga ciki, sai ta turo rufin daga ƙasa ta waje na jansa daga sama. Mutanen jihar Fulorida ta Amurka sun ga haka a guguwar Andrew ta 1992, bayanta suka tsananta dokar gini. Mu ma muna da kundin ƙa'idar gini tun 2018, karanta shi ne dai sai a hankali.

'Yan Suwame Magazin, unguwar makanikai da masu walda ta Kumasi, sun iya walda, ban musa ba, amma lissafin iska aikin injiniya ne, biya shi ya zana maka kafin a yanka ƙarfe ko ɗaya. A shafa fentin hana tsatsa, kuma duk Fabrairu ka sa yaro ya hau ya ƙara ɗaure sukurun da suka yi sako-sako.