Wane allo ya dace da tanderun gasa tukwane?

Tambaya: Malam, ina gina kofuna da kwanukan yumɓu a Agege, kwanan nan na sayi tanderun lantarki na hannu. Allunan da ake jera kaya a kansu sun zo a lanƙwashe, ɗaya ma ya tsage. Wane iri zan saya, kuma yaya zan gane mai kyau?

Amsa: Malama, ki fara duba zafin da kike gashi a kai, shi ne zai zaɓa miki. In jan yumɓu kike gasawa, wanda ke nuna tsakanin digiri 1,000 zuwa 1,100 a ma'aunin Salshiyas, allon kodiyarait, wani irin gasasshen yumɓu mai jure wuta, ya ishe ki. Ya fi araha, kuma yana jure saurin hawa da saukar zafi, abin da ke da amfani a Legas inda wuta kan ɗauke ana tsakiyar gashi. In ana kai shi kusa da digiri 1,280 a kai a kai, yakan soma sunkuyawa a tsakiya. Mai gashi a wannan zafin gara ya nemi allo mai yawan alumina, wani farin sinadari mai jure zafi sosai.

Dillalai za su yi ta zuga miki silikon kabaid, baƙin nan mai ƙarfi. Allo ne na ƙwarai, amma ni ban ba ki shawararsa ba. Lantarki na bi ta jikinsa, in ya taɓa wayar da ke ɗumama tanderun an shiga hatsari. Siraran cikinsu kuma in sun sha laima suna iya fashewa a wuta, ke ma kin san damshin garin nan da damina.

Kafin ki biya kuɗi, ki ɗaga allon ki ƙwanƙwasa shi kamar yadda ake gwada sabuwar tukunya. Lafiyayye kan yi amo garau, mai ɓoyayyen tsagu kuwa ƙarar ba ta tashi. Ki ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a kansa, in haske na ratsawa ta ƙasa, ya riga ya lanƙwashe. Ki auna cikin tanderun tun daga gida, a bar kamar santimita 2 da rabi tsakanin allo da bango don zafi ya zagaya. Allo mai faɗi yana son kaurin da ya kai haka shi ma. Rabi-rabi guda biyu sun fi babba ɗaya sauƙin ɗauka, kuma ba su cika tsagewa ba.

Ginshiƙai uku za ki sa su ɗauki kowane allo, ba huɗu ba, in kin jera allo kan allo, ginshiƙan sama su zo daidai kan na ƙasa. Ki dama farar ƙasa, irin wadda ake haƙa a Ƙanƙara, da garin alumina kai ɗaya, ki shafa a fuskar sama kaɗai don ruwan ƙyallin da ake shafa wa kofuna da kwanuka, in ya ɗiga, kada ya manne. Sabon allo a fara gasa shi ba kaya, a hankali, ya bushe sarai. Wancan tsagaggen kuwa kada ki yar, a yanka shi ƙanana ki riƙa gwaji a kai.