Amsar saƙon Gwaggo a kan angonta

Gwaggo, barka da war haka, ya jikin naki? Na saurari saƙonki har ƙarshe. Kin ce yaro bai cika uku ba mun kwashe shi zuwa gaban likitocin Turawa don bakinsa bai buɗe ba, alhali Kawu ma sai da ya yi huɗu kafin a ji muryarsa. Bari in faɗa miki yadda abin yake a wurinmu nan Manchester.

Ba mu muka je nemansu ba. A Ingila kowane jariri yana da jan littafin da ake rubuta nauyinsa da alluransa, kuma tsakanin shekara 2 da 2 da rabi ma'aikaciyar lafiya takan duba shi. Tambayoyinta sun wuce yawan kalmomin da ya iya. Yana waiwayowa in an kira sunansa? Yana nuna abu da yatsa don ke ma ki kalla? Angon naki kuwa sai ki gaji da kira bai ɗago ba, amma a taɓa ledar biskit a kicin, yana can ɗaki zai sheƙo da gudu. Takalman gidan nan kaf yake jerawa a bakin ƙofa, wanda ya goce ɗaya ya jawo mana kukan rabin awa. In na kunna injin markaɗe, toshe kunne yake yana jijjiga. An auna jinsa, lafiya lau. Daga nan aka sa shi a layin masu binciken galahanga, wato lalurar da Turawa suke kira autism, mai shafar magana da mu'amalar yaro da mutane. Ƙa'idarsu ta ce a fara cikin wata 3, amma iyaye da yawa sukan haura shekara suna jira, shi ya sa kowa yake shiga layi da wuri.

Abin da ya fi damunki shi ne a rubuta wa yaro lalura a takarda. Gwaggo, a gidanmu na Zariya yaro irin wannan hannu goma ne a kansa: kaka na nan, matan gida na nan, yara cike da tsakar gida. Nan daga ni sai babansa, shi ma yana wurin aiki, ga hunturu ƙarfe huɗu duhu ya rufa. Taimakon da dangi suke yi a gida, nan hukuma ce ke yin wani ɓangare nasa, ita kuma ba ta motsi sai da takarda. Akwai wadda suke kira EHCP, wato takardar tsarin ilimi, lafiya da kulawar yaro, ƙarƙashin wata dokar 2014. Idan aka rubuta a ciki cewa yaro yana buƙatar mai koya masa magana ko mai zama kusa da shi a aji, wajibi ne ƙaramar hukuma ta samar. Doka ta ba su mako 20 su kammala ta, ko da yake sau da yawa sai ka bi su da waya.

Addu'a ba mu bari ba. Malaminmu ya yi masa ruƙiyya, ina yi masa tofi safe da yamma, zamzam ɗin da kika aiko ma yana sha. Yawancinmu haka muke haɗawa. Inda nake saɓawa da wasu 'yan uwanmu shi ne ɓoyo. Akwai masu tsoron wai ma'aikatan jin daɗin jama'a za su ƙwace yaro in an ji yana da lalura, sai su daina kai shi taron suna da na Sallah, wasu ma su tura shi gida wai ya koyo magana cikin yara. Wani yakan ɗan sake, amma ya dawo ya tarar layinsa ya wuce. Lalura ba ta sa a karɓe ɗa. Shatin bulala a jikinsa ne yake jawo bincike, kuma malamar aji dole ta kai rahoto. Balle shi wannan, duka ba ya ƙara masa komai sai firgici.

Maganar da Yaya ta kawo, wai allurar rigakafin ƙyanda ce take jawo galahanga, daga nan ƙasar ta taso. Wani likita, Andrew Wakefield, ya wallafa ta a wata mujallar likitanci a 1998, a 2010 mujallar ta janye rubutun, shi kuma aka soke lasisinsa.

Mai koyar da magana ta ce kada mu bar Hausa a gida, harshe biyu ba ya hana baki buɗewa. In mun zo hutu in Allah Ya yarda, don Allah ki ja kunnen su Yaya kada a tilasta masa gaisuwa ko a yi ta ɗaukarsa hannu zuwa hannu. A ba mu ɗakin da ke nesa da janareta. Ki gaida mutan gida.