Fomat ba ya share komai

Ka ce in kwastoma ya sauya had dis ya bar mana tsohon, ko za ka yi masa fomat ka kai kasuwar Gumi ka sayar. Kai yaro, ajiye sukudireban nan tukuna.

Fomat ɗin gaggawa da kuke gamawa cikin daƙiƙa goma, jadawalin fayiloli kawai yake gogewa. Kamar ka yage bangon littafin bashi ne, sunayen masu bashi suna nan ciki. Duk wanda ya sauke manhajar dawo da fayiloli, Recuva ko PhotoRec, kyauta ma ake samunsu, kafin la'asar ya dawo da takardu da hotuna.

Abin da wani yaro ya jawo wa shagon nan ke nan. Wata makarantar kuɗi ta kawo kwamfutoci 12, sai dis ɗin akawunsu ya shiga kasuwa a kan abin da bai kai kuɗin cefane ba. A ciki akwai takardar albashi: sunan kowane malami, lambar asusu, BVN, ranar haihuwa, lambar waya. Ba a yi wata ba aka fara kiransu, wai daga banki ne. Mai kira ya san komai nasu, ta yaya za su yi shakka? Biyu suka karanto masa lambar sirrin da aka turo musu, aka yashe su. Makarantar ta janye aikin, cikon kuɗin har yau shiru, ba kuma bakin magana. Shi yaron yana can yana rawa a TikTok.

Dis mai juyawa, sifili ake rubutawa a kansa kaf: ka buɗe diskpart, manhajar sarrafa dis ta Windows, sannan ka buga umarnin clean all. Sau ɗaya ya isa. Mai 500GB zai ci awa ɗaya zuwa biyu, don haka sa shi a inbata, kada Nepa ta katse ka. SSD kuwa, wato dis marar faifai mai juyawa, yana sauya wa rubutu wuri da kansa, sai da Secure Erase, umarnin sharewa na kamfanin da ya ƙera shi. Dis ɗin da ya mutu, huda faifan da injin huji. Kuma mai kaya ya sa hannu a rasit cewa ya bar mana.

Dokar kare bayanai ta 2023 ta ba mai riƙe da bayanan awa 72 ya sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC, in sun fita. Tarar ƙaramin mai sana'a tana iya kaiwa naira miliyan 2.

Yadda ake jona shi ba ni zan koya maka ba. Buga list disk, ka duba lambar sau biyu, kada ka share mini na shago.