Ana samun kuɗi da buga waƙoƙi?

Malam, ka ce kana da rubutattun waƙoƙi, kana tambaya ko buga su littafi zai kawo kuɗi. Gaskiya ɗaya ce: kundin waƙa ba ya tafiya a kasuwa kamar littafin labari. Mai shagon littattafai a Kano zai karɓi kwafi kaɗan, sai an sayar ya biya ka, sauran su sha ƙura a kanta.

Inda kuɗin yake fitowa shi ne ranar ƙaddamarwa. Ka gayyaci masu hali da sarakuna, ka rera baitoci biyu-uku da bakinka, wani ya sayi kwafi ɗaya da kuɗin da ya fi na kwafi ɗari. Sau da yawa nan ake mayar da kuɗin ɗab'i. Sai kuma idan littafin ya shiga manhajar WAEC ko NECO, wannan kam ciniki ne na shekaru, amma samun shiga ba wasa ba ne.

Gasar adabi ta kamfanin iskar gas na NLNG tana ba da dala 100,000, sai dai da Turanci ake shiga, kuma sashen waƙa duk bayan shekara huɗu yake zagayowa.

Shawarata, kada ka ci bashi. Buga kaɗan, ka naɗi muryarka ka saka a YouTube, domin Bahaushe ya fi son jin waƙa da kunne.