Silif mai sheƙi da ringin da zai zauna a cikinsa

Ka ce silif ɗin Fijo 504 ɗin nan, wato bututun da fistan ke hawa da sauka a cikinsa, sumul yake yana sheƙi, me zai sa mu karce shi da dutse, kuma me ya hana mu saya masa ringin fistan mai rufin ƙarfen kurom (chrome) tunda an ce ya fi ƙarko. To, ajiye sifanar nan ka matso, ɗana, don tambayoyin biyu a ɗaure suke da juna.

Sheƙin da ya burge ka shi ne ciwon. Gogayyar shekaru da ƙonannen baƙin mai ne suka shafe bangon. Sabon ringi ba ya zama daidai da bango ranar da aka sa shi, sai sun ɗan ci juna tukuna, kuma yana bukatar 'yan ƙananan layuka da za su riƙe masa mai. In ka zuba shi a bango mai santsi, zamewa kawai zai riƙa yi. Mota ta fita tana hayaki, tana shan baƙin mai, mai ita ya dawo yana cewa an cuce shi, kuma da gaskiyarsa.

Amma kafin dutse, awo. Sa farcenka a can sama, inda ringin farko yake tsayawa. Ka ji wannan gaɓar da ta kama farcen? Nan ne silif ya fi cinyewa, saboda nan zafi da matsi suka fi yawa, mai kuma ya fi ƙaranci. Injin 504 mai lita biyu faɗin silif ɗinsa milimita 88 ne. Ka auna sama, tsakiya da ƙasa, ta tsaye da ta gicciye. In bambancin ya wuce abin da littafin injin ya yarda, dutse ba zai gyara ba, ƙara faɗi kawai zai yi. Sa'ar da muka yi, waɗannan motocin da aka fara haɗawa a Kaduna tun 1975 silif ɗinsu cirewa ake yi, ruwa na zagaye shi kai tsaye, sai a sayo saiti da fistan da ringi a canja. Abin da nake roƙonka, muddin an cire top, wato kan injin, kada ka juya kiranshaf sai ka danne kowane silif da washa da noti. In ɗaya ya motsa, sil ɗin gindinsa ya saki, ruwa zai gangara cikin baƙin mai.

In awo ya yi kyau, sai gogewa. Injin huda ya juya a hankali, hannunka kuma ya riƙa hawa da sauka da sauri, mai yana zuba ba yankewa. Layukan su gitta juna kusan digiri 45. In sun kwanta da yawa, mai zai taru ya ƙone. In sun miƙe da yawa, mai zai zurare ya bar bango a bushe. Bayan 'yan zagaye ka tsaya ka haska da tocila. Duk inda ka ga baƙin tabo dutse bai taɓa ba, wurin ya lotsa. Shi ya sa na fi son magogi mai duwatsu uku a kan mai ƙwallaye wajen duba tsohon silif, don mai ƙwallaye bin lotsawar yake yi ya ɓoye ta. Samfefa a hannu kuwa, ba a garejin nan ba.

Yanzu ringi. Kurom yana da tauri, yana jure ƙura, abin da ba ƙarami ba ne ga motar da za ta sha hunturu. Sai dai taurin nan ne ke sa ya daɗe bai zauna ba, kuma ba ya yafe wa bangon da ya ɗan karkace. Yana son sabon silif, ko wanda aka goge da dutse mai kaushi, kamar lamba 220 zuwa 280. Na moli, wato mai rufin ƙarfen molybdenum, yana son bango mai laushi, 280 zuwa 400. Ga tsohon silif irin wannan da za mu goge mu mayar, ni ringin kas, wato na zubin ƙarfe marar rufi, nake zaɓa, don da wuri yake bin bango ya zauna.

Ka wanke da ruwan zafi da sabulu da buroshi, domin fetur ba ya ɗauke garin dutse. Ka goga farin ƙyalle mai ɗan mai har ya fito fari. Sannan ka sa kowane ringi a silif ɗinsa, ka tura shi da kan fistan ya daidaita, ka auna tazarar bakinsa da fila geji, wato siraran ƙarafan awon tazara. Na sama kada ya gaza kusan milimita 0.35 a wannan faɗin, don in ya yi zafi bakin ya haɗe, zai karce bango ko ya karye. Gefen da aka rubuta TOP ya kalli sama, bakunan kuma kada su yi layi ɗaya.

Ranar da muka tayar da shi ba za mu bar injin yana silo, wato yana aiki a tsaye ba a taka shi, na awanni ba. Titi za mu hau, a taka a saki, a taka a saki, don matsin wuta ne ke danna ringi a bango. Ɗauko maikuromita mu fara da silif na ɗaya.