Amsa ga mai son ƙara RAM da saka SSD da hannunsa a wannan hunturun

Wa alaikumus salam, ƙanina. Ka ce kana karatu a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, kana son ƙara wa laftof ɗinka RAM (ma'ajiyar wucin gadi da na'ura ke aiki da ita) ka kuma maye tsohon had disk da SSD (ma'ajiyar bayanai da ta fi shi sauri), kuma kana tambaya ko zancen cewa wutar da ke taruwa a jikin mutum tana lalata kayan cikin na'ura gaskiya ne, ko mu masu gyara ne muke tsoratarwa don a kawo mana aiki. Gaskiya ne, kuma a Katsina babu lokacin da ya fi hunturu haɗari.

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iska ba ta da danshi, shi ya sa wutar ba ta samun hanyar zubewa daga jiki. Ita ce wadda kake jin ta yi "tas" idan ka tuɓe rigar sanyi da dare, ko ka kama ƙofar mota. Mutum ba ya fara jin ta sai ta kai kusan volt 3,000, alhali ƙasa da volt 100 ya isa ya yi wa wasu ƙananan sassan bod, wato babban allon cikin na'urar, illa. RAM irin DDR4 da volt 1.2 kacal take aiki. Don haka kada ka ce ai ban ji komai ba.

Abin da ya fi damuna ba mutuwar nan take ba ce. Sau da yawa a shagona kusa da Ƙofar Ƙaura ana kawo na'urar da aka ƙara wa RAM a gida, ta tashi lafiya lau a ranar, bayan makonni ta fara daskarewa, ta nuno shuɗin allo, ta kashe kanta ana cikin aiki. Mai ita yana ta zagin wanda ya sayar masa, wai kayan Beljiyam ne. In na bi ba'asi sai in ji a kan bargo aka buɗe ta, RAM ɗin kuma a baƙar leda ta kwana cikin aljihu.

Kafin ka fara, ka kashe laftof ɗin gaba ɗaya, ka zare caja, ka cire batir. In na ciki ne, da ka buɗe murfin baya shi za ka fara rabawa da bod, da farce ko ɗan roba, ban da bakin sukudireba. Noti ɗaya ya kuɓuce ya faɗa kan bod batir na haɗe, an gama. Sannan ka danne maɓallin kunnawa kamar daƙiƙa 15.

Wurin aiki kuwa, teburin katako ko siminti tsurarsa. Katifa, kafet da tabarmar roba duk a'a. Tuɓe suwaita, ka sa rigar auduga. In ka samu igiyar nan da ake ɗaurawa a wuyan hannu don zubar da wutar jiki, ka maƙala kilif ɗinta a ƙarfen na'urar da babu fenti. In ba ka samu ba, taɓa ƙarfen duk lokacin da za ka ɗauki wani abu, har in ka tashi shan ruwa ka dawo. Abin da ake nema shi ne wutar jikinka da ta na'urar su daidaita. Don Allah kada ka ɗaura wayar wuta tsirara a hannu ka cusa a soket wai kana neman zubar da wutar a ƙasa. Igiyar gaske tana da resisto, wato abin da ke rage gudun wuta, na megohm 1 a cikinta don ta kare ranka, kuma gidajenmu da yawa wayar ƙasar ba ta tafi ko'ina ba, balle in janareto ne ke ja.

RAM ɗin ta zauna a jakarta mai ruwan azurfa har sai ramin da za ta shiga ya shirya. Riƙe ta ta gefe da gefe, kada yatsa ya hau haƙoran zinaren. Ta laftof DDR3 haƙora 204 ne, DDR4 kuma 260, kuma tsagar ba wuri ɗaya take ba, saboda haka in ta ƙi shiga ba ƙarfi take so ba. Zura ta a karkace, ka danna ƙasa har kunnuwan biyu su kama. SSD ba ta da wuya, amma ka kwashe aikinka na makaranta zuwa wani wuri tukun.

Bayan ka rufe, bar Windows Memory Diagnostic, wato abin gwaji da ke cikin Windows, ya gwada RAM ɗin kafin ka ce an gama. Kuma tun ba ka kashe kuɗinka ba, turo mini lambar samfurin da ke ƙasan laftof ɗin in duba maka, domin wasu RAM ɗinsu a narke take a jikin bod, babu ramin ƙari, wasu kuma SSD mai mahaɗin M.2 suke karɓa, ba mai zubin had disk na SATA ba.