Gudu ga Mai Ciwon Zuciya: Amsoshin Likita

Tambaya: Likita, shekaruna 50, ina fama da hawan jini, kuma an ce zuciyata ta ɗan kumbura. Ina son in riƙa gudu da safe a filin wasa na Muhammadu Dikko. Na ji ana cire shekarun mutum daga 220 domin a san iyakar bugun zuciyarsa. Zan iya bin wannan lissafi? Daga wani malami a Ƙofar Ƙaura, Katsina.

Amsa: Malam, bisa wannan lissafi iyakarka bugu 170 ne a minti ɗaya, amma ban yarda ka dogara da shi ba. Ƙiyasi ne da aka yi domin masu lafiya, kuma ko a cikinsu yakan kauce da bugu 10 ko fiye, sama ko ƙasa. Mai ciwon zuciya yana sanin iyakarsa ne ta gwajin ECG, wato awon aikin zuciya da na'ura, da ake yi masa yana tafiya a kan injin motsa jiki, ana ƙara sauri sannu a hankali, likita na tsaye yana duba bugun da hawan jini har lokacin da alamar wahala ta fara bayyana. Daga nan ne ake yanke maka adadin da ba za ka wuce ba. Ka ga likitan zuciya a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, ya duba ko gwajin ya dace da kai. Kafin nan ka tsaya ga tafiya da hanzari, wadda za ka iya hira a cikinta ba tare da numfashinka ya sarƙe ba. A watan Afrilu da Mayu ka fita bayan sallar Asuba, kafin rana ta yi ƙarfi.

Tambaya: Ina shan atenolol, kuma agogona mai auna bugun zuciya ba ya nuna sama da bugu 110 a minti komai saurina. Shin motsa jikin bai isa ba ne? Daga wani ɗan kasuwa a Daura.

Amsa: Alhaji, aikin maganin ke nan, yana rage saurin bugun zuciya domin ta sami sauƙi. Kada ka matsa wa kanka don lambar ta hau, kuma kada ka daina shan maganin kwatsam, domin hakan na iya jawo ciwon ƙirji mai haɗari.

Tambaya: Wata biyar da haihuwata, an ce zuciyata ta yi rauni bayan jego. Yaushe zan koma gudu? Daga wata malamar makaranta a Katsina.

Amsa: Malama, wannan ciwo ya yawaita a Arewa, kuma ba na son ki yi gaggawa. Sai an sake yi miki hoton zuciya an ga ƙarfinta ya dawo. Ki guji kunun kanwa da yawan gishiri. Idan kika ji haki kina kwance, ko jiri, ko ƙafafunki suka kumbura, ki tafi asibiti a ranar.